Mai sharhin finafinan jarumai da aka ce masa ya kafirta: ina hukuncinsa?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni matashi ne mazaunin Aboabo a nan Kumasi, ina gyaran waya a Adum. Yau shekara biyu ke nan ina da shafi a TikTok da Facebook inda nake sharhin finafinai da Hausa, na jaruman Amurka masu tashi sama irin na kamfanin Marvel, da na barkwanci, wani lokaci kuma in kawo labaran masana'antar fim, tun daga Amurka har Kannywood da Kumawood ta nan gida. Nakan yanko ɗan guntun fim in ɗora muryata don waɗanda ba sa jin Turanci. Alhamdu lillahi mutane sun karɓa, har masu shaguna suna ba ni talla suna turo kuɗi ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, da shi nake taimaka wa mahaifiyata da kuɗin haya.

Makon jiya wani ɗan'uwa da muke salla masallaci ɗaya ya tare ni bayan Isha'i a gaban jama'a, ya ce duk mai kallon waɗannan finafinai ya yi shirka, balle ni da nake yaɗa su, saboda a cikinsu akwai wanda ake kira abin bauta, akwai matsafa, akwai masu tayar da matattu. Ya ce in sake kalmar shahada, kuma kuɗin da nake samu haram ne. Malam, ni ban taɓa yarda da ko ɗaya cikin abubuwan nan ba. Ko da nake cewa "ga Allahn tsawa nan ya sauko" a bidiyona, don haka ake kiransa a fim ɗin ne. Tun daga ranar ban iya barci. Na fita daga Musulunci? Kuɗin fa?

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, fara da yin barci. Wanda tsoron rasa imani ya hana shi runtsawa har mako guda, imanin yana nan daram a ƙirjinsa. Ba ka fita daga Musulunci ba, babu wata shahada da za ka sabunta ban da wadda kake faɗa kullum a tahiya.

Sai dai ba zan sallame ka haka ba. Na karanta saƙonka sau biyu, kuma jimla ɗaya ce ta tsayar da ni, wadda ka kawo don ka kare kanka: "ga Allahn tsawa nan ya sauko". Da ɗan kallo ne kai kawai, da layi uku sun ishe ni amsa. To kai mai fassara ne. Kai kake zaɓar kalmar Hausar da za ta shiga kunnen yaron Aboabo da na Asawase da na Sawaba, kuma a nan hukuncinka ya rabu da na ɗan kallo.

Kalmar da Turawan suka sa a fim ɗin, wato "god", a yarensu ana faɗinta ga duk abin da wasu suka taɓa bauta wa, dutse ne ko rana ko kogi. Tamkar "ilahu" take a Larabci, wadda Alƙur'ani da kansa ya kira gumakan mushirikai da jam'inta, malamanmu kuma a wajen tafsiri sukan ce "abubuwan bautarsu". Shi kuwa "Allah" sunan Zati guda ne, ba a taɓa raba shi da kowa ba. Kuraishawa da duk taurin kansu sun sa wa gumakansu Lata da Uzza da Manata da Hubal, amma ba a sami mai ƙarfin halin kiran gunkinsa Allah ba, shi ya sa aya ta 65 a Suratu Maryam take tambaya ko ka san masa takwara. Kai kuma ka ɗauki wannan suna ka liƙa wa wani Bature mai gemu da guduma, wato jarumin da ake kira Thor.

Kwanakin baya ina dawowa daga La'asar na tarar da yara a lungunmu. Ɗaya ya ɗaura tawul a wuya, ya sato muciyar uwarsa ya ɗaga sama, sauran suna zubewa ƙasa kamar an harbe su. Na tsaya ina dariya, sai da na ji abin da yake ihu da shi dariyar ta tsaya mini a maƙogwaro: "Ni ne Allahn tsawa!" Yaron bai wuce shekara bakwai ba, ko Sabbi bai kai ba a allonsa, alƙalami bai hau kansa ba. Amma ba da Turanci ya ji wannan kalma ba. Da Hausa ya ji ta, daga bakin wani mai sana'a irin taka. Ban ce kai ne ba.

Saboda haka wannan lafazi bai halatta gare ka ba, haka ma "Ubangijin tsawa". Ka ce gunkin tsawa, ko dodon tsawa, ko wanda mutanen dā suke bauta wa, labarin ba zai rasa komai ba. Tsawa tana da Mai ita, kuma Suratur Ra'adi ta gaya mana tasbihi take yi masa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aka kwana ana ruwa a Hudaibiyya, da gari ya waye jan kunnen sahabbai ya yi a kan jingina ruwan sama ga tauraro. Ka koma shafinka ka nemo duk bidiyon da ka faɗi haka ka goge shi ko ka sake masa murya, ko da shi ne ya fi kowanne 'yan kallo, ka yi istigfari, shi ke nan. Kuskuren harshe ne na mai hakaito maganar wasu, ba ridda ba ce.

Yanzu mu koma kan ɗan'uwanka. Zan daɗe a nan, domin maganar tasa ta fara yawo a zangunanmu, kuma ba kai kaɗai ta hana barci ba.

Shirka ita ce ka ba wani abin da yake na Allah: ka roƙe shi, ka yi masa yanka, ka ƙudurta cewa yana da iko a kan rayuwa da mutuwa. Wane ɗan kallo ne ya taɓa ɗaga hannu ya roƙi mai gudumar nan ruwan sama? Kowa ya san ɗan wasa ne mutumin Ostareliya, an rataye shi da igiya a gaban koren ƙyalle, walƙiyar kuma kwamfuta ta zana. Wanda ya zauna kallon ya riga ya san ƙage ake yi masa, kamar yadda yaro yake sani tun da kaka ta ce "ga ta nan, ga ta nanku". Ba mu taɓa jin an ce wa tsohuwa ta sake shahada don ta ce Gizo ya hau sama ya dawo ba. 'Ya'yanmu a makarantun boko na ƙasar nan suna karanta yadda Ananse, Gizon Asantawa, ya je wurin Nyame, abin bautarsu na sama, ya sayo tatsuniyoyi, suna rubuta jarrabawa a kai, su dawo su ɗauki allo da yamma. A ce duk sun kafirta?

Malamai sun daɗe da kafa ƙa'ida cewa mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne. Yaron da ke izu Amma yana karanta maganar Fir'auna ta cewa shi ne ubangiji mafi ɗaukaka, lada ma yake samu. Alƙali Iyad a cikin Ashafa, a kan abin da ya fi wannan muni nesa ba kusa ba, wato hakaito zagin Annabi, bai yanke hukunci ɗaya ba. Ya ce ana duba yadda aka hakaito da abin da aka nufa, ya kasa shi gida huɗu: wani wuri wajibi ne, kamar mai ba da shaida a gaban alƙali, wani wuri mustahabbi, wani makaruhi, wani haram. In haka malamin Malikiyya ya bi da mas'ala mai zafi irin wannan a hankali, da wane dalili za a tattara miliyoyin 'yan kallo a jefa su a wuta da jimla ɗaya bayan Isha'i?

Ko zauren karatu ɗan'uwan nan ya leƙa, zai ga abin da ya rushe maganarsa. Muƙamar Hariri hamsin ce, daga farkonta har ƙarshe ƙagen wani mayaudari ne Abu Zaid wanda bai taɓa rayuwa ba, kuma da ita manyan malamanmu suka goge Larabcinsu. Waƙoƙin jahiliyya ma haka. Imru'ul Ƙaisi a doguwar waƙarsa ya kwatanta garken shanun daji da 'yan mata masu kewaya gunki, ga batsar da ke ciki wadda malami yakan yi gyaran murya in ya zo kanta. Alhaji Umaru Salga, wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete Krachi a 1934, malamin da har gobe muke taƙama da shi a ƙasar nan, ya juya waƙar Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa, ba kuwa wanda ya ce imaninsa ya taɓu. Sannan shi mai kafirta ka ɗin, duk sa'ad da ya faɗi ranar Alhamis da Turanci, sunan wannan gunkin tsawar yake ambata, domin daga sunansa Turawan Ingila suka samo sunan ranar. Janairu da Maris ma sunayen gumakan Rumawa ne. Da ambaton suna kaɗai yana kafirtawa, da kalandar da ke rataye a masallacinku ta gama da ku duka.

Na san ayar da zai kawo, ta 140 a Suratun Nisa'i, wadda ta hana zama da mutane yayin da ake kafirce wa ayoyin Allah ana yi musu izgili. Ayar gaskiya ce, amma a duba a kan me ta sauka. Majalisar da ake yi wa Alƙur'ani da addini ba'a take nufi. In fim ya kai nan, ya taɓa Allah ko wani annabi ko littafi, to ka kashe, ka tashi, kada ka yi masa sharhi sai na gargaɗi. Ko a nan ma malaman tafsiri sun bambanta tsakanin wanda ya zauna yana jin daɗin abin da wanda ya zauna zuciyarsa tana ƙi, na farko ne ake ji wa tsoron kafirci, na biyu mai saɓo ne. Ɗaukar wannan aya a ɗora ta a kan labarin wani mai sulke da ke dambe da dodannin sama jan nassi ne zuwa inda bai je ba.

Risala, wadda kowane almajiri a nan ya bi ta kanta, cewa ta yi ba a kafirta kowa daga ma'abota alƙibla saboda zunubi. Hadisin wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, cewa kalmar sai ta koma kan ɗayansu, ba ya buƙatar in maimaita shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya sha fama da irin waɗannan ɗalibai a zamaninsa, masu kafirta talakawa don sun kasa amsa tambayoyin tauhidi, ya yi ta rubuta musu raddi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kuma ko da a ce ɗan'uwan yana da gaskiya, tare mutum a ƙofar masallaci a gaban jama'a tozarci ne, nasiha a gefe ake yin ta.

Duk da haka kada ka ɗauka ba shi da abin kamawa ko kaɗan. Sunan da ke jikin mai gudumar nan ba Marvel ta ƙago shi ba. Gunki ne na gaske da mutanen Norwe da Suwidin da Denmak da Aislan suka bauta wa har zuwa kusan shekara dubu da suka wuce, kamfanin ya ɗauko shi ya sa a mujallar zane a 1962, aka yi masa fim a 2011, kuma a Aislan akwai 'yan tsirarun da suka farfaɗo da bautar, gwamnati ta yi musu rajista tun 1973. Fim ɗin Black Panther da muka yi ta murna da shi a 2018 don baƙaƙen fata ne a gaba, ƙarfin jarumin a cikinsa an danganta shi ga wata gunkiya ta tsohuwar Masar, ana binne mutum a ƙasa ya je ya gana da kakanni. Wasu finafinan kuma matsafi ne gwarzon. Kada ka ce mini ai da Black Panther Saudiyya ta buɗe silima a 2018, aikin gwamnati ba dalilin shari'a ba ne. Babba mai hankali zai kalla ya wuce. Yaro kuwa tsotsewa yake yi. To tun da Allah ya sa suna sauraronka, in ka zo irin wannan wuri ka jefa kalma ɗaya, ka ce wannan almarar mutanen dā ce, mu tsafi a wurinmu halaka ne. Ba wa'azi na ce ka buɗe ba, jimla ɗaya cikin raha ta isa. Tsiraici da rungume-rungume da tallar luwaɗi kuwa ba su da saɓani, ba a kallo, ba a yankowa.

Ba ka tambaye ni barkwanci ba, amma can ne na fi ji maka tsoro. Akwai hadisin da ya yi wa mai ƙarya don ya ba mutane dariya alkawarin azaba, wasu malamai suka hana wasan kwaikwayo gaba ɗaya saboda shi. Abin da na fi natsuwa da shi, hadisin yana kan wanda ya kawo ƙarya a rigar gaskiya ne, ba wasan da kowa ya san wasa ne ba. Sai dai dubi abin da ake ba mu dariya da shi yanzu: liman mai kwaɗayi, ladan da ya shaƙe, mai alwala yana wanke ƙafa kafin fuska, a karkata aya don ta dace da wargi. Ayoyi na 65 da 66 a Suratut Tauba a kan mutanen da suka ce wasa kawai muke yi suka sauka, aka ce musu kada su ba da hanzari. In ɗan'uwanka yana neman inda kafirci yake laɓewa a wayar matasa, nan ya kamata ya duba. Ka haɗa da kwaikwayon mai i'ina, da Hausar Bazabarme ko Bafulatani, da 'yan matan arewa masu dako a kasuwar Kejetia waɗanda ake mayar da wahalarsu abin nishaɗi, da waɗannan masu tsorata mutane a titi suna ɗaukar hoto a ɓoye, alhali an hana Musulmi ya firgita Musulmi ko da wasa. Irin wannan ko ba kai ka yi ba, in ka ɗora a shafinka kana ƙyaƙyatawa ka sa hannu.

Sai labaran masana'anta. Ka ce fim kaza zai fito ran kaza, ya ci kuɗi kaza, labarinsa ba shi da kai, jarumin bai iya kuka ba, wannan duk sukar aiki ce, babu laifi. Amma na san ba wannan ke tara 'yan kallo ba. Abin da ke tara su shi ne auren wance ya mutu, an ga wane da wance a otal, cikin wance ba na mijinta ba ne. 'Yan Kannywood Musulmi ne masu iyaye da 'ya'ya, 'yan Kumawood maƙwabtanka ne da za ka iya cin karo da su a Adum, kuma kasancewar mutum ɗan fim bai halatta namansa ba. Jifan mace da zina ba tare da shaidu huɗu ba bulala 80 ce a Suratun Nur, "an ce" ba ta ɗauke ta. Shi kansa jarumin Black Panther, Chadwick Boseman, da aka ga ya rame mutane suka yi ta yi masa ba'a a intanet, kowa da abin da yake ƙagawa. Da ya mutu a Agustan 2020 aka ji ashe shekara huɗu yana fama da ciwon daji a hanji bai gaya wa duniya ba. Ba Musulmi ba ne, amma waɗanda suka yi masa dariyar ina za su same shi yanzu su nemi yafiya? Magana zarar bunu ce.

Kuɗinka halal ne matuƙar abin da ka tallata halal ne kuma shafin ya tsarkaka daga abubuwan da na ambata. Wanda ka riga ka biya haya da shi kada ka dami mahaifiyarka da zancensa. In shafin ya ƙara girma kamfanonin caca na ƙwallo za su neme ka, su da masu giyar da ake sayarwa da sunan maganin gargajiya, kuma sun fi mai shagon atamfa sakin hannu. Ka shirya a'arka tun yanzu, kafin ranar da haya za ta matse ka. Wanda ya biya ka don ka yabi fim ɗinsa, ka gaya wa masu kallo talla ce. Ɗan guntun da kake yankowa don sharhi da sauƙi, ɗora fim sukutum kuwa cin haƙƙin masu shi ne, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da wannan haƙƙi tun zamanta na Kuwait a 1988.

Mu ma muna yara mun saci jiki mun je silimar Roxy kallon Indiya da dambe irin na Sin, mun sha bulala a kai, don haka ba zan yi maka kamar daga sama na faɗo ba. Bambancin kawai, silimar wancan lokaci ana tashi a rufe ƙofa, taka tana cikin aljihu. Mai gyaran waya da rana, mai haɗa bidiyo da dare, yaushe yake kwanciya, kuma wa yake tashinsa Asuba? Wannan kai za ka amsa wa kanka. Kada ka saki gyaran waya don shafi, shafi ana iya rufe shi da safe ɗaya ba tare da an tambaye ka ba.

Shi kuma ɗan'uwan, kada ka yi masa bidiyon martani, kada ka ɗauki wannan amsa ka je ka kaɗa masa a fuska. Kishin addini ne ya yi masa yawa ilimi ya gaza. Ka riga shi sallama gobe, ka gaya masa ka gyara kalmar da kake faɗa. In ya nace a kan kafirta ka, ku je wurin limaminku ku zauna ku uku, ba a ƙofar masallaci ba.

Allah ne mafi sani.